Madam Filo da Fuskar da Ta Sandare

Gara in faɗa wa mutanen Keffi tun da wuri, kada abin ya same su ba shiri. Ƙarshen watan nan za a rufe wani ɗan shago a Sabon Gari. Ba shela za a yi ba, ba kuma taro. Sai dai wata rana kwamfutar wani ta sandare masa ana tsakiyar abin da ya fi damunsa a duniya, ya rungumo ta a ƙirji, ya hau acaɓa, ya sauka a ƙofar shagon ya tarar da kwaɗo. A ranar zai san abin da garin ya rasa.

Shagon na Madam Filomina ne, wadda kowa ke kira Madam Filo. Yana maƙale tsakanin garejin Monday mai gyaran keke da rumfar wata mai burodi. Ba shi da allon suna. Wanda ke akwai iska ta tafi da shi a wata damina, ita kuwa ta ce duk mai nemanta ya san hanya.

Kafin garejin ya fara hayaniya ta riga ta iso. Ta share ƙofa, ta yayyafa ruwa, ta goge teburinta, ta jera kayan aikinta daga ƙarami zuwa babba. Tana da murafen kwalabe da take zuba 'yan ƙananan kusoshin da ta kwance, kowace kwamfuta da murfinta, don kada na wani ya shiga na wani. Sai ta sunkuyar da kai ta yi addu'arta, sannan ta sa tabarau. A da guda ɗaya take sawa. Yanzu biyu take haɗawa, ɗaya a kan ɗaya, kuma duk da haka sai ta matso da fuskarta kamar za ta shinshina abin da take gyarawa.

'Yar Mada ce daga wajen Akwanga. Da buga takardu ta fara a garin nan, tun zamanin tafireta. Da kwamfutoci suka zo suka riƙa lalace mata, mai gyara kuma sai daga Abuja, sai ta fara kwance su da kanta. Yau ta haura shekara ashirin tana wannan aiki.

Wanda bai san ta ba, zuwansa na farko yakan ɗan ji haushi. Ka kawo mata kwamfuta kana gaggawa, ba za ta ko buɗe ta ba. Sai ta nuna maka benci ta ce, "Zauna tukuna. Me kake yi lokacin da ta tsaya? A ina kake zaune? Yaushe ta fara?"

Monday kan leƙo daga gareji, hannunsa duk baƙin mai, ya ce wa mai kwamfutar, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, asibiti ka zo. Yanzu za ta tambaye ka abin da kwamfutar ta ci jiya."

Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi. "Koma wajen gudumarka, Monday. Kai komai ya lalace duka kake ba shi."

Abu ɗaya da aka san ta da shi, ba ta yarda da fomatin ba, wato a share duk abin da ke cikin kwamfuta a zuba sabo. Wannan shi ne maganin da ya fi sauƙi, kuma yakan yi aiki wani lokaci. Amma ita cewa take ba ta share abin da ba ta gano laifinsa ba. Wata ɗaliba mai suna Nasiha ta taɓa zuwa mata da kuka, aikin kammala karatunta kaf yana cikin kwamfutar da ta ƙi tashi, kuma an riga an ce mata sai sharewa. Yau Nasiha malama ce a wata sakandare, kuma duk zuwanta kasuwa sai ta biya ta gaishe ta. Akwai kuma wani liman daga Liman Abaji da ya zo da muryar karatun marigayi mahaifinsa a cikin wata tsohuwar kwamfuta da ruwan sama ya taɓa. Madam Filo ta fitar masa da ita. Mai burodi ta ce da muryar tsohon ta tashi a cikin shagon, limamin ya juya ya fuskanci bango, Madam Filo kuma ta fita waje ta tsaya kamar tana duba hadari, har sai da ya gama.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a gidan maƙwabcina, Alhaji Mijinyawa na Tudun Ƙofa, mai sayar da yadi. Ni ma uba ne mai ɗa a nesa, na san yadda gaba ke faɗuwa in waya ta yi ƙara, na kuma san wanda ya fi shi in ta yi shiru. Shi ya sa na bi labarin nan tun daga farkonsa.

Ɗan farin Alhaji Mijinyawa, Mahfuz, yana aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwa na dakon kaya. In jirgin ya shiga teku, shi ke nan, ba waya ba saƙo, sai ranar da ya tsaya a wata tashar. Mahaifiyarsa, Hajiya Amarya, wadda sunan ya bi ta tun ranar da aka kawo ta gidan, ta rasa jinta shekarun baya sanadin wani zazzaɓi. Ba ta jin murya, amma tana karanta leɓe. In ka fuskance ta ka yi magana a hankali, ba abin da zai wuce ta. Kiran waya ba ya yi mata amfani. An gwada nuna mata shi a babbar wayar maƙwabta, ta ce bakin ya yi ƙanƙanta, ba ta ganin komai sai motsi.

Don haka kafin ya tafi, Mahfuz ya bar musu laftof ɗinsa da wani ɗan akwatin wayifai mai kamo intanet ba tare da igiya ba. Ya saita komai, ya koya musu maɓallin da za su danna. Ya kuma ɗauki kansa a bidiyo yana magana a hankali, don ta riƙa kallo in kewa ta dame ta. Gargaɗinsa ɗaya ne: "Baba, kada a bari kowa ya share min saitin nan. In aka fita, ba za ku iya komawa ba sai na dawo."

Da farko abin ya tafi daidai. Jirgi ya tsaya, saƙo ya shigo ƙaramar wayar Alhaji, a kunna laftof a ɗakin Hajiya, fuskar Mahfuz ta cika allon. Da yake ɗan fari ne, Hajiya ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Mutumin ruwa" take ce masa. Takan zauna ɗan gefe kamar abin bai dame ta ba, amma idonta ba ya barin bakinsa.

Sai aka wayi gari, tun cikin damina, abin ya canja. A fara magana, ya yi sallama, ya tambayi lafiya, sai kawai fuskarsa ta ƙame. Baki a buɗe rabi, kalma ba ta ƙarasa fita ba. Kibiyar da ke yawo a allon ta tsaya cak. A danna kowane maɓalli, shiru. Sai an danne na kashewa an riƙe, a jira ta sake tashi, a sake kira, ta sake ƙamewa. Kafin a yi haka sau biyu sau uku, lokacin da aka ba shi ya ƙare.

Mahfuz kan kira mahaifinsa a waya daga baya, Alhaji ya juyo yana maimaita wa Hajiya abin da ya ce. Ranar nan ta ɗaga masa hannu ta ce, "Bari, Alhaji. Bakinka kullum ina ganinsa. Ba shi nake nema ba."

Ya ce min a ranar abinci bai shiga cikinsa ba.

Ya kai laftof ɗin wajen masu gyara biyu. Mutanen kirki ne, sun san aikinsu. Amma a gabansu lafiya lau ta yi aiki, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Ɗaya ya ce fomatin, ɗaya ya ce ta tsufa a sayi wata. Alhaji ya tuna gargaɗin ɗansa, ya naɗe kayarsa ya fito. Daga nan aka kwatanta masa shagon da ba shi da allon suna.

Madam Filo ta zaunar da shi a benci ta yi masa tambayoyinta. Ta karɓi laftof ɗin ta sa mata caja, da yake shagonta sola take amfani da shi wuta ba ta yankewa, ta kunna wayifai ta bar ta tana aiki wuni guda. Ba ta tsaya ba. Ta buɗe cikinta, ta share ƙurar da ta toshe fanka, ta taɓa ko'ina ta ji ko zafi ne. Alhaji ya mayar da laftof ɗin gida. Aka sa 'yarsu Mu'mina, da ke aure a Lafiya, ta kira don gwaji. Fuskar Mu'mina ma ta ƙame.

Ya dawo. Ta sake zaunar da shi.

"Alhaji, ban da kira, me ake yi da ita a gida?"

"Ba komai. Sai in ita ta kunna tana kallon bidiyon yaron nan."

"Kullum?"

Ya ɗan kau da kai. "Kusan kullum. Bayan la'asar. Tana zaton ban sani ba."

"A lokacin tana tsayawa?"

Ya yi tunani. "Ko sau ɗaya ban ji ta ce ta tsaya ba."

"Akwatin wayifai yana kunne a lokacin?"

"A'a. Sai in za a yi kira ake kunna shi."

Ta cire tabarau ɗaya ta goge. "To, mun kama bakin zaren. Ita da wayifai ne ba sa shiri."

Ta sa ya kawo akwatin nasu. Ta haɗa su a kan teburinta, ta bar su wuni, ba abin da ya faru. Ta sauya manhajar da ke sarrafa katin wayifai ɗin, wani ɗan kati ne a ciki da bai kai akwatin ashana ba. A shago lafiya, a gida ta ƙame. Da wani mai gyaran ne, da tuni ya fara zargin mai kayan da rashin iya dannawa. Ita kuwa abin da ta ce shi ne, "Ni ce ban gani ba tukuna."

Ana cikin haka saƙo ya shigo. Jirgin zai tsaya ranar Juma'a, zai kira bayan la'asar. Daga nan za su yi doguwar tafiya, watanni kafin su sake ganin ƙasa. Alhaji ya zo shagon ya miƙa mata wayar ta karanta da kanta.

Ta karanta da ƙyar, wayar na dab da hancinta. Ta ce, "Ciwon nan rabinsa a jikinta yake, rabinsa a gidanku. A ina take zama?"

"A ɗakin Hajiya. Ba ta yarda a fito da ita zaure."

"Shi ya sa ba mai gyaran da ya taɓa ganin ta tsaya. Ni ba zaure zan tsaya ba, Alhaji. Ka gaya wa Hajiya tana da baƙuwa gobe."

Ranar Alhamis da azahar ta ja ƙofar shagonta, alhali akwai masu jira. Monday ya ce, "Yau likita zai bi marar lafiya gida ke nan. Ki tafi da allura." Ta ce ya kula mata da ƙofa, ya kuma daina taɓa mata benci da wandon nan nasa.

A Tudun Ƙofa ta wuce zaure, inda namiji baƙo zai tsaya, ta cire takalmi ta shiga har ɗakin Hajiya. Alhaji ya fara yi musu tafinta kamar yadda ya saba yi da kowane baƙo. Madam Filo ta ce ya bari. Ta ja kujera ta zauna inda hasken taga ke dukan fuskarta, ta kalli Hajiya ido cikin ido, ta gaishe ta a hankali.

Hajiya ta zuba wa bakinta ido, sai ta yi murmushi. "Baiwar Allah, ke ba 'yar garin nan ba ce. Hausarki ko a leɓe ta wajen Akwanga ce."

Madam Filo ta yi dariya har tabaranta na sama ya zame. "Shekara nawa ina ɓoyewa, yau kin tona ni ba ki ko ji muryata ba."

Aka kawo ruwa, aka kawo laftof a naɗe cikin wani sabon zane. Madam Filo ta buɗe ta, hannunta ya kai ga caja ta soka a bango ba tare da ta ko lura ba, kamar yadda kowane mai gyara ke fara yi. Aka kunna akwatin wayifai. Mu'mina ta kira daga Lafiya. Ta yi ta zuba, ta nuna jaririnta, ta ba da labarin tsadar manja. Ba abin da ya tsaya.

Alhaji ya dafe kai. "Kin gani ko, Madam? Kunyarki take ji. Kina fita za ta koma halinta."

Amma Madam Filo ba allon take kallo ba. Hajiya take kallo. Ga 'yarta da jikanta a gabanta, amma idon Hajiya na komawa bango, wajen soket, yana dawowa, yana komawa. Hannunta na murza gefen zanenta.

Da aka gama kiran, Madam Filo ta kashe laftof ɗin, ta naɗe ta a zanenta, ta miƙa wa Hajiya. Ta fuskance ta ta ce, "Hajiya, ki yi kamar ba na nan. Yadda kike yi ranar da mutumin ruwa zai kira, daga farko har ƙarshe. Ni ba zan taɓa komai ba." Ta ɗaga cinyoyinta ta zauna a kan tafukan hannunta.

Hajiya ta shimfiɗa zanen a kan tebur. Ta goge allon da gefen mayafinta. Ta kunna akwatin. Sannan ta zagaya bayan teburin ta zare cajar daga bango, ta naɗe igiyar tsaf, ta ajiye. Sai ta kunna laftof ɗin.

Alhaji yana gaba yana gyara zaman hularsa, bai ga komai ba. Watanni ke nan bai gani ba, don shi allon kawai yake kallo.

Mu'mina ta sake kira. Ba a daɗe ba fuskarta ta ƙame, ido ɗaya a rufe.

Madam Filo ta fitar da hannuwanta. Ta sa caja, aka kira, lafiya. Ta zare, aka kira, ta ƙame. Ta sake, ta kuma sakewa, har Mu'mina ta ce in an gama wasa da ita a gaya mata, tana da tukunya a wuta.

"Hajiya, me ya sa kike zare ta?"

"Da damina aka kawo wuta da ƙarfi, talabijin na kunne, ya ƙone a gabana. Hayaƙi kawai na gani." Ta nuna laftof ɗin da haɓa. "Wannan in ta ƙone, ina zan gan shi? Shi ya sa ba na barin ta a wuta in tana kunne. Sai ta yi barci nake ba ta caji, ina zaune ina gadinta."

Ba wanda ya taɓa tambayarta. Tun da jinta ya tafi, mutane suka saba gaya mata abu, suka daina tambayarta abu.

Madam Filo ta yi musu bayani da kalmomin da za su gane. In kwamfutar ta koma kan batir, takan umarci katin wayifai ya riƙa ɗan gyangyaɗi don a tanadi wuta. Katin kuwa ya tsufa. In ya gyangyaɗa ba ya farkawa, sai ya ja komai ya tsaya tare da shi. In tana kan caja ba a ba shi wannan umarni, shi ya sa ba ta taɓa tsayawa a shagon kowa ba. "Mu masu gyara, kafin mu ce sannu mun soka caja. Da hannuna na riƙa rufe abin da nake nema."

Hajiya ta karanta bakinta har ƙarshe. Fuskarta ta canja. A hankali ta ce, "Ashe ni ce nake tsayar da shi."

Alhaji ya buɗe baki, Madam Filo ta riga shi. Ta kama hannun Hajiya ta sa ta kalle ta. "A'a. Ke kin tsare ta daga wuta, kuma kin yi daidai. Da ba ki yi haka ba, watakila da ba abin da zan zo in gyara. Laifin na wancan malalacin katin ne mai son barci a bakin aiki. Irin Monday maƙwabcina ne. Yanzu zan hana shi."

Ta shiga cikin saitin, fuskarta dab da allon, tana bin rubutun da yatsa, har ta kai inda aka ba katin izinin barci ta cire. Ba ta share ko da abu ɗaya ba. Aka zare caja, aka roƙi Mu'mina ta sake kira. Ta yi magana har ta gaji, fuskarta na motsi.

Alhaji ya fara jero godiya. Madam Filo ta tsayar da shi. "Kada in yi maka ƙarya, Alhaji. Na gano abin da ke tayar da ciwon, na toshe shi. Amma katin ya tsufa, irinsa kuma ya yi wuyar samu. Ban san iya inda zai kai ba." Da safiyar Juma'a ta aiko da wata 'yar na'ura mai tare wuta in ta zo da ƙarfi, ta cire ta daga nata teburin, ta ce a gaya wa Hajiya ta soka cajar a jikinta ta kwantar da hankalinta. Alhaji ya roƙe ta ta zo da la'asar ko da wani abu zai faru. Ta ce a'a, wannan zama na 'yan gida ne.

Abin da ya faru a ɗakin, Alhaji ne ya ba ni labari, ya kuma maimaita min shi ya fi a ƙirga.

Bayan la'asar kira ya shigo. Cajar na jikin bango, Hajiya ta daure ta bar ta. Mahfuz ya bayyana, ya yi baƙi, ya tara gemu. Ya yi sallama, ya tambayi lafiya, ya wuce inda fuskarsa ta saba ƙamewa, ya ci gaba. Sai fankar ɗakin ta fara rage gudu. An ɗauke wuta. Allon ya ɗan dusashe, alamar ta koma kan batir.

Hajiya ta dafe bakin tebur da hannu biyu.

Bakin Mahfuz ya motsa. "Inna, lafiya? Ya na ga ke ce kika sandare yau?"

Ta karanta. Ta saki numfashi. Ta jawo kujerarta daga gefen da ta saba zama, ta kawo ta tsakiya, ta ture kafaɗar Alhaji. Ta ce wa ɗanta, "Matso da fuskarka. Wannan gemun kuma na mene ne? Yana rufe min bakinka. Ka rame."

"Ba tuwo a nan, Inna."

"Ba su da masara ne a duk faɗin ruwan?"

Suka yi ta yi har aka kira shi bakin aiki. Alhaji ya ce shi bai samu ya faɗi abin kirki ba, daga sallama sai Allah ya kiyaye hanya, kuma bai taɓa jin daɗin a hana shi magana irin na ranar ba. Da allon ya yi duhu, Hajiya ta daɗe a zaune. Sannan ta naɗe laftof ɗin a zanenta, ta ce a kai wa baiwar Allahn nan ta Akwanga dambun da ta yi.

Madam Filo, ke ce kika zauna a kan hannuwanki. Mai gyara hannunsa ne abin taƙamarsa, ke kuwa kin san lokacin da za a ɓoye shi a bar ido ya yi aiki, idon ma da ya kusa gajiya. Ke ce kika juya fuskarki wajen haske don wata ta ji ki. Ke ce kika gano inda matsalar take, kika kuma hana uwa ta ɗauki laifin ta kwana da shi. Ba ki san Mahfuz ba, ko a hanya ba ki taɓa ganinsa ba. Ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba. Kin dai ga uwa tana jiran bakin ɗanta ya ƙarasa kalma, kika rufe shagonki kika zo.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe wa Madam Filo ido biyun. Ɗanta Natan zai zo ya tafi da ita Jos a yi mata aiki, kuma ya ce ko an yi, ba zai so ta koma kan 'yan ƙananan kusoshin nan ba. Monday ya ce shi dai bai san da wa zai riƙa faɗa da safe ba. Ya faɗa yana dariya, amma ya daɗe yana goge sifana ɗaya da ta riga ta fita.

Mun gode, Madam Filo. Iyayen da 'ya'yansu ke nesa sun gode, har da waɗanda ba su san sunanki ba. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da alheri. Ku kuma matasan da ke wannan sana'a a Keffi, ga sauran kwanaki kafin ƙarshen wata. Ku je ku zauna a bencin nan. Ku koyi tambaya kafin kwancewa, ku koyi jin tsoron share abin mutane, ku tambayi wanda ba a saba tambaya ba a gidan. Abin da aka rungumo aka kawo muku, sau da yawa ba kwamfuta ba ce kawai.

Jirgin Mahfuz ya tashi tun washegarin ranar da ya kira. A Tudun Ƙofa, kullum bayan la'asar Hajiya Amarya kan kunna laftof ɗin, yanzu har da akwatin wayifai, ta zauna a tsakiya ta ɗan jira ko da wani abu zai shigo, sannan ta kalli tsohon bidiyonta. Ba wanda ya san ranar da jirgin zai sake tsayawa. Ba wanda ya san ko katin zai kai ranar. In kuma ya gaza, har yanzu ba mu san wanda zai wuce zaure ya zauna ya kalla ba.